Daga Safar Fusɗaɗ Zuwa Rigar Ka'aba: Fashin Baƙi Kan Tarihin Saƙar Hannu da Aikin Allura

A shekarar 1275 yarima mai jiran gadon sarautar Kastila, a ƙasar da yau ake kira Sifaniya, ya rasu yana ɗan shekara 19. Sunansa Fernando de la Cerda, ɗan Sarki Alfonso na goma. An binne shi a majami'ar Las Huelgas da ke kusa da garin Burgos, aka sa masa filo a ƙarƙashin kai. Da masu bincike suka buɗe kaburburan gidan sarautar a shekarun 1940, sai suka tarar rigar filon nan ba ta ruɓe ba. Saƙar hannu ce ta siliki mai ƙananan idanu ƙwarai, kusan zarge 20 a kowane inci guda, a gefenta kuma an saƙa kalmar "baraka" da rubutun Kufi, wato tsohon salon rubutun Larabci, an yi ta maimaita ta. Yarima Kirista ne, a maƙabartar Kiristoci, amma kansa yana bisa aikin da dukkan alamu suka nuna hannun Musulmin Andalus ne ya yi shi. Wannan filo yana cikin kayan saƙar kibiya mafi tsufa da aka taɓa samu a nahiyar Turai.

Mutane da yawa idan aka ambaci saƙar ulu, abin da ke zuwa musu a rai shi ne tsohuwar Baturiya zaune gefen wuta tana yi wa jikokinta suwaita. Wannan hoto na baya-bayan nan ne. Kafinsa sana'ar ta yi zamani a hannun masaƙan Masar, ta yi zamani a hannun ƙungiyoyin maza masu tsauraran dokoki a biranen Turai, ta ciyar da tsibirai sukutum, ta kuma haddasa tarzomar da aka rataye mutane a kanta. Duk wanda ya bi tarihin allura da zare sau da ƙafa zai ga tambaya ɗaya tana ta dawowa a kowace ƙasa: wa ke zama ya yi aikin, wa kuma ke yanke masa farashi?

Kafin a kai nan sai an rarrabe abubuwa huɗu da ake yawan cakuɗawa. A saƙar masaƙa, irin wadda ake yin saƙi da gwado da ita, zare kashi biyu ne ke giftawa juna, na tsaye da na kwance, shi ya sa yadinta ba ya talewa. Saƙar kibiya kuwa zare ɗaya ne tal, ana zarga shi a jikin kibiyoyi biyu ko fiye, kowane zarge yana rataye a wuyan wanda ke ƙarƙashinsa, babu ƙulli ko guda. Wannan ne ya sa take miƙewa ta koma, har ta rungumi diddige da yatsu, abin da yadin masaƙa ba zai iya ba sai an yanka an ɗinka. Nan ne kuma rauninta yake: ka ja bakin zaren da ya dace, sai ta warware gaba ɗaya kamar ɗinkin bakin buhun shinkafa. Ta uku ita ce saƙar kwarashi, mai ƙugiya ɗaya, inda ake gama kowane zarge kafin a shiga na gaba. Na huɗu surfani, shi ba ya samar da yadi, ado ne da ake zubawa a kan yadin da ya riga ya samu.

Inda aka faro

Allura ta girme su duka. An tono alluran ƙashi masu kafa a Siberiya da ƙasar Sin da Turai waɗanda suka haura shekara 25,000, da su mutanen zamanin ƙanƙara suke haɗa fatu su yi suturar da iska ba ta ratsa ta. Daga baya aka ƙirƙiro wata dabara ta yin yadi da allura kaɗai, ana cusa guntun zare cikin zargen da ya gabata ana ɗaurewa, in ya ƙare a haɗa wani. An sami ɓurɓushin irin wannan aiki a wani kogo da ke kusa da Tekun Gishiri na ƙasar Falasɗinu, mai shekara sama da 8,000. Da wannan dabarar aka yi jajayen safar nan na Masar ta zamanin Rumawa da ke ajiye a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, masu rabe a wajen babban yatsa domin a sa su da takalmi mai hanci. Mai kallo zai rantse saƙar kibiya ce, kuma shekaru da dama masana ma haka suka ɗauka. Bambancin shi ne ita wannan ba ta warwarewa, kuma tana cin lokaci ninkin-ba-ninkin.

Saƙar kibiya ta haƙiƙa ta fara bayyana ne a Masar ta zamanin Musulunci, tsakanin ƙarni na 11 da na 14. Safa ce ta auduga, fari da shuɗi, da yawanta daga jujin tsohon birnin Fusɗaɗ da ke cikin Alƙahira a yau, an yi mata ado layi-layi, wasu da zane mai kama da rubutun Kufi. Abin lura a nan shi ne babu aikin ɗan koyo a cikinsu. Akwai launi biyu a layi ɗaya, akwai diddige da aka lanƙwasa da gwaninta. Ke nan sana'ar ta daɗe da nuna kafin a yi waɗannan da suka iso gare mu. Sannan sai a tuna cewa zare ruɓewa yake yi, busasshiyar ƙasar Masar ce ke adana abin da damshin wasu ƙasashe ke cinyewa. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne, hujja mafi tsufa tana Masar, ta biye mata tana Andalus, kuma hanyar da ta haɗa su ita ce ta fatauci a Bahar Rum.

Lokacin da sana'ar take hannun maza

Da ta shiga Turai, kayan alfarma ta fara zama: safar hannu ta siliki ga manyan limaman coci, da jakunkunan ajiye kayan tsarki. Zuwa ƙarni na 14 ta yaɗu har masu zanen coci a Italiya da Jamus suna zana Nana Maryamu tana saƙa riga da kibiyoyi huɗu. Amma inda kuɗi yake, maza ne suka riƙe. An kafa ƙungiyoyin masaƙa a Faris da biranen Jamus, kuma shiga cikinsu ba wasa ba ne. Yaro zai yi shekara uku a gaban ubangidansa, ya yi wasu uku yana yawon gari-gari yana ƙaro ilimi, sannan a ba shi mako 13 ya kawo aikin gwaji, wanda a wasu garuruwan ya haɗa da hula, da riga, da safa, da darduma mai zanen furanni da dabbobi. Sai dattawan sana'a sun duba sun gamsu yake buɗe shagon kansa.

A ƙarni na 16 ne kasuwar ta buɗe sosai, saboda mazan Turai sun koma sa gajeren wando, ƙauri yana waje, kowa yana son safar da za ta kama ƙafa tsam. A wannan zamani aka ƙware a juyayyen zarge, wanda ke ba da damar fitar da ado mai tudu da kwari. Misalinsa da ya shahara shi ne jar safar siliki da aka binne Eleonora, matar mai mulkin Fulorens ta Italiya, da ita a 1562. A Ingila gwamnati da kanta ta shiga cikin maganar. Dokar 1571 ta tilasta wa talakawa daga ɗan shekara shida zuwa sama su sa hular ulu saƙar gida ran Lahadi da ranakun hutu, wanda ya ƙi a ci shi tara. Manufar ita ce a raya masu saƙar hula da kasuwarsu ta fara mutuwa. An soke dokar a 1597.

Kafin a soke ta ma, abin da zai canja komai ya riga ya faru. A 1589 wani mutum mai suna William Lee, daga ƙauyen Calverton kusa da Notingham, ya ƙera injin saƙar safa. Dabararsa ita ce ya ba kowane zarge ƙugiyarsa, ta yadda za a saƙa layi guda a bugu ɗaya, maimakon bin su ɗaya bayan ɗaya. Labarin da aka gada ya ce Sarauniya Elizabet ta ɗaya ta hana shi takardar mallakar ƙirƙirar don tsoron kada talakawa masu saƙar hannu su rasa abinci. Ya kwashe injinansa ya koma birnin Rouen na Faransa, a ƙasar ya mutu bai ci moriyar abin da ya ƙera ba. Duk rigar shan iska da safar da ake sawa a yau, jikokin injin nan ne suka saƙa su.

Bayan shekara fiye da 200, a 1811, masu aiki da irin waɗannan injina a Notingham suka fara shiga masana'antu da dare suna farfasa su da guduma. Su ne ake kira 'yan Ludd. An saba bayyana su a matsayin jahilai maƙiya ci gaba, kuma a ganina wannan zalunci ne a gare su, domin su kansu da inji suke aiki tun kakanni. Abin da ya tunzura su shi ne masu jari sun koma saƙa faffaɗan yadi a yanka shi a ɗinka safa mai arha da ke warwarewa nan da nan, suna ɗaukar waɗanda ba su gama koyo ba, suna rage lada, ga tsadar abinci ta yaƙin Napoliyon. Majalisa ta amsa da dokar 1812 da ta sa hukuncin kisa kan fasa inji, duk da jawabin da mawaƙi Lord Byron ya yi a majalisar yana kare masaƙan. Tarzomar ta bazu zuwa yankin masu tufafin ulu na arewa, kuma a Janairun 1813 aka rataye mutum 17 a birnin Yok.

Allurar ma da ake aikin da ita tana da nata mamatan. Garin Redditch na Ingila ya kai matsayin da shi ke ƙera mafi yawan alluran duniya a ƙarni na 19, kuma masu wasa bakin allura a jikin dutse suna shaƙar ƙurar ƙarfe da ta dutse har huhunsu ya lalace. Kaɗan ne cikinsu ke wuce shekara 35. Ladansu ya fi na kowa a garin saboda wannan haɗari, har ta kai da aka kawo na'urar zuƙe ƙura sun ƙi ta, don gudun a rage musu kuɗi.

Al'adun da talauci ya haifa

Da inji ya ƙwace babbar kasuwa, saƙar hannu ta koma gefe: ƙauyuka, tsibirai, gidajen masunta, kuma galibi hannun mata. Yawancin abin da yau ake kira saƙar gargajiya ta Turai a wannan yanayi aka haife shi, kuma bai kai tsufan da ake zato ba.

A tsibiran Shetland da ke arewacin Sikotilan, maza suna teku, mata ke noma da kiwo da ɗauko makamashi. Suna ɗaura wata ɗamarar fata mai huji a ƙugu, su soke kibiya ɗaya a ciki, ta yadda za su riƙa saƙa suna tafe da kwando a baya. Sun kai gwanintar da suke saƙa mayafin ulu mai faɗi wanda za a zura shi ta cikin zoben aure ya wuce. To amma me suke samu? Ɗan kasuwa ba ya biyan su da kuɗi. Ya karɓi mayafin, ya ce su ɗauki kaya a shagonsa, ganyen shayi ko yadi ko kayan ƙyale-ƙyale, a farashin da shi ya sa. Matar da ke neman garin abinci ko kuɗin haya sai ta sake sayar da shayin nan ga maƙwabta da asara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gwamnatin Birtaniya ta aika kwamitin bincike a 1872, mata suka zo suka ba da shaida da bakinsu, aka yi doka daga baya, amma tsarin bai mutu ba sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da aka jibge sojoji a tsibiran suna saye kai tsaye da tsabar kuɗi.

Cikin waɗannan tsibirai akwai wani ɗan ƙarami, Fair Isle, wanda mutanensa ba su kai ɗari ba a yau. Salon saƙarsu mai launi-launi ya zama abin yayi a farkon shekarun 1920 bayan Yariman Wales, wanda ya zama Sarki Edward na takwas, ya fito wasan golf da irin suwaitarsu. Yau kamfanoni a ko'ina suna buga sunan tsibirin a jikin kayan da inji ya saƙa a wata nahiya.

Ta tsibiran Aran na Ayilan ta fi ban mamaki. Mai saye zai ji ana cewa kowane dangi yana da nasa zane tun ɗaruruwan shekaru, domin in teku ta cinye masunci a gane gawarsa ta jikin rigarsa. Labarin yana taɓa zuciya, amma babu hujjar da ta tsaya masa. Farar suwaitar Aran mai igiya-igiya ta samu ne a farkon ƙarni na 20, aka fara sayar da ita a Dublin a shekarun 1930, kuma 'yan kasuwa ne suka ƙawata tatsuniyar dangi domin jikokin 'yan Ayilan da ke Amurka masu neman abin da zai haɗa su da gida. Gaskiyar ta fi tatsuniyar daraja a wurina: matan da ba su da komai sun ƙirƙiro salon da duniya ta karɓa cikin ƙarni ɗaya, kuma tatsuniyar ta ƙwace musu wannan yabo ta miƙa wa kakannin da ba su yi aikin ba.

Ita kuwa saƙar kwarashi ƙanwa ce a cikin dangin, a ƙarni na 19 ta bayyana sosai. Yunwar da ta afka wa Ayilan daga 1845 zuwa 1852, wadda ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, ita ta ɗaukaka ta. Matan coci da matan masu hali suka riƙa koya wa iyalai yin leshi da ƙugiya da zaren auduga, kayan aikin ba su da tsada, ana iya yi a bukka. Da kuɗin wannan leshi gidaje da yawa suka ci abinci, wasu suka biya kuɗin jirgin ruwa zuwa Amurka.

Kada a ɗauka ko'ina mata ne. A tsibirin Taquile da ke tafkin Titikaka na ƙasar Peru, saƙar kibiya aikin maza ne, mata su kaɗa zare su yi saƙar masaƙa. Yaro yana koyo tun yana ƙarami, kuma launin hularsa yana nuna ko yana da aure: ja zalla ga magidanci, ja da fari ga saurayi. Turawan Sifaniya ne suka kai musu kibiya, su kuma suka zuba mata zanen kakanninsu, har UNESCO ta sa aikin a jerin gadon bil'adama a 2005.

Surfani: rubutun masu mulki, da na waɗanda aka hana magana

Tarihin surfani ya bi wata hanya dabam, domin tun farko da mulki yake tafiya. A ƙasar Sin an tono silikin da aka yi wa surfani a kaburburan da suka haura shekara 2,000, kuma a daulolin Ming da Cing, tsuntsu ko dabbar da aka ɗinka a ƙirjin rigar ma'aikaci ita ke faɗin muƙaminsa. A Turai akwai ƙyallen Bayeux mai tsawon kusan mita 70, wanda aka ba da labarin cin Ingila da yaƙi a 1066 a jikinsa da zaren ulu, daga ɓangaren waɗanda suka yi nasara.

A daulolin Musulunci abin ya zama hukuma guda. Halifofin Umayyawa da Abbasiyawa da Faɗimiyawa suna da masana'antun gwamnati da ake kira gidan ɗirazi, irin na Tinnis da Dimyaɗ a Masar, inda ake rubuta sunan halifa da addu'a a jikin yadi, a ɗinka riguna a raba wa hakimai da malamai da baƙi. Sunan nan a jikin tufa yana ɗaya daga alamomin mulki, tare da ambato a huɗuba da bugawa a jikin kuɗi, shi ya sa gwamnan da ya cire sunan halifa daga ɗirazi ya shelanta tawaye ke nan.

Babban abin da ya rage na wannan gado shi ne wanda duk alhaji ya gani da idonsa, wato rigar Ka'aba. Ana saƙa ta da siliki kimanin kilo 670, sannan a rubuta ayoyi da zaren azurfa da wanda aka shafe da zinare, sama da kilo 200 in an haɗa. Yadin inji ke saƙa shi yanzu, amma rubutun hannu ne. Ana fara shimfiɗa zaren auduga a kan kowane harafi har ya yi tudu, sannan a lulluɓe shi da zaren ƙarfen, shi ya sa haruffan suke tasowa. Ɗaruruwan shekaru daga Masar ake kawo ta tare da ayarin mahajjata. Sarki Abdul'aziz ya sa aka kafa masana'anta a Makka a 1927, aikin ya koma Saudiyya dungurungum a farkon shekarun 1960, kuma daga 2022 aka mayar da sauya rigar ranar 1 ga Muharram maimakon ranar Arfa. Maza ne ke wannan surfani.

A nan ƙasar Hausa ta shigo cikin labarin da ƙafarta. Al'adar sarki ya ba da riga ranar naɗi ko ya tufatar da baƙo reshe ce ta waccan al'ada ta halifofi, kuma a zamanin Daular Usmaniyya babbar riga mai aska biyu ko aska takwas ta zama tufar manya daga Sakkwato har Ilori. Aikin a rarrabe yake: mai kaɗi, masaƙi, marini, mai zana ado, wanda sau da yawa malami ne da hannunsa ya saba da alƙalami, sai mai ɗinki, sai mabugi. Zariya da Kano da Bida suka yi suna. Zaren ma yana ba da labarin fatauci, domin ban da tsamiya ta gida akwai alharini, ragowar silikin masana'antun Turai da ake rinawa ja a ratso da shi Sahara ta Tarabulus da Gadamas. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya lissafa wannan siliki cikin hajojin da ya gani suna shigowa Kano a 1851. Ɗinkin riga a da na maza ne, amma daga wajen ƙarshen shekarun 1970 matan birnin Zariya suka shige shi sosai daga cikin gidajensu, yayin da maza da yawa suka koma keken surfani da wasu sana'o'i. Abin da ya faru a Turai ya maimaita kansa: da ladan aikin hannu ya ragu, sai ya gangara wurin mata.

Talaka ma yana da nasa surfanin, wanda ya faro daga faci. A yankin Tsugaru na arewacin Japan, dokar ƙarni na 18 ta hana manoma sa tufar auduga, ga shi ƙasar ƙanƙara ce, sai mata suka riƙa cike ramukan yadin rama da zare domin ya riƙe ɗumi, cikon nan ya zama zane mai lissafi da ake koyarwa a yau. A Bengal mata kan jera tsofaffin zannuwa su bi su da ɗinki su zama bargon da ake kira kanta.

Wani lokaci kuma allura ce ke faɗin abin da baki ba zai iya ba. A Falasɗinu kafin 1948, ana gane ƙauyen mace ta rigarta: jan zare a kan farin yadi a Ramalla, zaren zinare da aka kwantar a Baitalami, shuɗin zare ga Balarabiyar ƙauye da mijinta ya rasu a yankin Bi'ir Saba'a. Da aka raba mutum sama da 700,000 da gidajensu, aka share ƙauyuka fiye da 400, zanen ya bi matan zuwa sansanonin gudun hijira, ya zama shaidar garuruwan da babu su a taswira. A boren 1987, da aka haramta ɗaga tutar Falasɗinu, sai mata suka ɗinka ta a jikin rigunansu. UNESCO ta amince da wannan surfani a 2021. A ƙasar Chile ma, bayan juyin mulkin Janar Pinochet na 1973, matan da aka ɓatar da mazansu da 'ya'yansu sun riƙa ɗinka hotunan kame da layin neman abinci a bayan buhunan fulawa, wani lokaci da guntun tufafin waɗanda suka ɓata, cocin Katolika tana fitar da su waje tana sayarwa.

Inji ya iso wa surfani a 1828, da Josué Heilmann ya ƙera nasa a Mulhouse ta Faransa, sannan Isaak Gröbli na Suwizalan ya kawo wanda ya fi shi sauri a 1863. Zuwa wajen 1910 yankin St. Gallen kaɗai ke fitar da kusan rabin surfanin inji na duniya, kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya da sauyin yayi su durƙusar da shi. Maƙwabtansu na garin Lustenau a Ostiriya sun sami mafita a shekarun 1960 da suka gano kasuwar Najeriya, suka riƙa zana leshi daidai da son matan Legas. Leshin da ake sawa a lefe ana kiransa na Suwis, da yawansa daga wannan gari yake fitowa. Yau kuma inji mai kwamfuta yana kwafe aska takwas ya zuba ta a wuyan riga cikin sa'o'i, aikin da hannu ke kwashe watanni a kansa.

Saƙar kwarashi ce kaɗai ta gagari inji har yanzu, saboda ƙugiyar tana shiga ta kowace kusurwa, ba a layi ɗaya zargen suke jiran ta ba. Akwai injinan da ke yin mai kama da ita, amma ta ainihi sai hannu. Saboda haka duk rigar kwarashi ta gaske da aka gani da arha a babban kanti, akwai wadda ta zauna ta yi ta zarge bayan zarge, kuma daga farashin ana iya gane abin da ya isa hannunta.

Rigimar da ake yi yanzu ta mallakar zane ce. Gab da gasar Olimfik ta 2010 a Bankuba, al'ummar Cowichan ta Kanada, waɗanda matansu suka shafe sama da ƙarni suna saƙa wata suwaita mai kauri, sun yi ƙorafin cewa kamfanin Hudson's Bay ya fitar da mai kama da tasu ba da su ba. Daga baya aka ba su wurin sayar da nasu a kantin kamfanin. A 2015 mutanen Santa María Tlahuitoltepec na Meziko suka ga zanen rigarsu ta gado a kayan Isabel Marant, mai tsara tufafi a Faris. Tushen matsalar shi ne dokokin haƙƙin mallaka an gina su ne kan mutum ɗaya sananne da ya ƙirƙiri sabon abu, na ɗan wani lokaci, alhali zanen gado na al'umma ne, tsoho ne, kuma ba a san wanda ya fara shi ba, don haka a idon doka na kowa ne. Meziko ta yi dokar da ta fara aiki a Janairun 2022, wadda ta ba al'ummomin asali ikon mallakar zanensu a tare, sai dai ƙarfinta a iyakar ƙasar ya tsaya. Hukumar kula da haƙƙin fasaha ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kwamiti kan irin waɗannan batutuwa tun shekarar 2000. Yarjejeniyar da aka cimma a Mayun 2024 ta shafi albarkatun halittu ne da ilimin gargajiya da ke tattare da su, zane da ado ba su shiga ciki ba.